Bayan An Kaɗa Ƙararrawar Tashi: Abubuwan Da Ya Kamata Ka Sani Kan Rayuwar Ɗalibai a Dawakin Kudu, Kura da Bunkure

Da an ambaci Dawakin Kudu a zancen boko, abin da ke faɗo wa Bakano a rai shi ne Kwalejin Kimiyya, wadda aka buɗe a 1977 tare da takwararta ta Dawakin Tofa, zamanin gwamnan soja Sani Bello. Ta yaye likitoci da injiniyoyi bila adadin. Sai dai yawancin yaran wannan yanki ba can suke ba. Suna ƙananan sakandaren jeka-ka-dawo da ke warwatse a ƙauyuka, daga Tamburawa da Tsakuwa har cikin ƙasar Kura da Bunkure, kuma abin da ɗalibi ke samu bayan darasi a waɗannan makarantu ya sha bamban da na 'yan kwana.

Wa ke da yammacin ɗalibi?

Nan gizo ke saƙar. A makarantar kwana, ɗalibi na hannun hukumar makaranta dare da rana. Bayan la'asar akwai fili, bayan isha akwai firef, Asabar akwai shara da duba ɗakunan kwana, ga daren muhawara ko wasan kwaikwayo. Ko gabzar da ake ci ana ƙorafi tana cikin abin da ke haɗa kan ɗalibai, shi ya sa tsofaffin 'yan makaranta ke tuna ta da dariya in sun haɗu a taro. Shiga Kwalejin Kimiyya kuwa sai an ci jarrabawa, kuma daga ko'ina a jihar ake zuwa, don haka ɗan garin ba shi da wani gata na musamman.

Shi kuma ɗan jeka-ka-dawo, da an tashi wajen ƙarfe biyu makaranta ta sallame shi. Wani zai taka sayyada ko ya hau keke zuwa ƙauyensu, ya ci abinci, ya yi azahar, sannan a fara rabon sauran wunin tsakanin gona, Islamiyya da aiken gida. Duk wata ƙungiyar makaranta da ke son ganinsa sai ta yi takara da waɗannan ukun, kuma galibi ita ke shan kaye. Wannan ya sa makarantu da dama ke yanko lokacin ƙungiyoyi daga cikin jadawalin darasi, rana ɗaya a mako. Ko shi ɗin, malamin da bai gama manhaja ba yakan cinye shi, ba mai ce masa don me.

Yankin da rani ba hutu ba ne

A yawancin ƙasar Hausa, da an yi girbi aikin gona ya lafa sai wata damina. A nan abin ba haka yake ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a mulkin Audu Bako, ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are. Ana shuka alkama wajen Nuwamba a girbe ta wajen Maris. Tumatir kan cika kasuwar Kwanar Gafan daga Janairu zuwa Maris. Ga albasa, ga masara, ga shinkafar rani da ta damina. Manoman Dawakin Kudu na bakin kogi su ma suna tasu fadamar da injin ban-ruwa.

Yanzu a ɗora wannan a kan kalandar makaranta. Zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa wajen Afrilu, shi ne lokacin da aka saba yin gasar wasannin gidaje, saboda ba ruwan sama kuma zafi bai kankama ba. Shi ne kuma ainihin lokacin tsinkar tumatir, wanda ba ya jiran kowa: in ya nuna yau, jibi ya ruɓe. Yaron da zai iya cika kwanduna ya karɓi kuɗinsa a hannu kafin magariba, da wuya ka shawo kansa ya tsaya atisayen gudu. Ban ga laifinsa ba. Sau tari da kuɗin nan yake sayen takalmi da littafin rubutu, wani ma da shi yake tara na jarrabawar WAEC ko NECO in bai samu shiga cikin waɗanda gwamnati ke biya wa ba.

Ƙungiyoyin da ake da su

A takarda suna da yawa: muhawara da kacici-kacici, 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, ƙungiyar Hausa, JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, Sikawut, Red Cross, ƙungiyar matasa manoma. A zahiri biyu ne ba sa mutuwa. Ta farko ƙwallon ƙafa, don ba ta buƙatar komai sai fili da duwatsu huɗu. Ta biyu Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954. Ita tana da reshe sama da makaranta, tana da manya masu leƙowa, iyaye kuma ba sa tambayar amfaninta. A nan yaro da yawa ke fara tsayawa gaban jama'a ya yi magana ba tare da murya ta yi rawa ba, daga nan wasu ke samun hanyar musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986.

Sauran kuwa rayuwarsu na rataye a wuyan mutum guda. Wani lokaci matashin malami ne mai zafin nama, wani lokaci ɗan bautar ƙasa da aka turo. Zai farfaɗo da muhawara, ya kai yara gasa Kano, su dawo da kofi a ajiye a ofishin firinsifal. Shekara na cika ya tattara jakarsa, ko a yi wa malamin canjin wurin aiki, shi ke nan an rufe babin sai wani ya zo.

Gonar makaranta

Wannan ita ce ta fi ba ni takaici. A yankin da ke ciyar da kasuwannin Kudu da tumatir, ƙungiyar matasa manoma na cikin mafiya rauni. Dalilin a bayyane yake. Shekara da shekaru an mayar da fartanya abin horo: ka makara, je ka yi noma, ka yi surutu, je ka yi sassabe. Ga shi kuma yaron da ya tashi yana dashen shinkafa ba ya ganin abin da kunya biyu ta masara a bayan aji za ta koya masa, kuma yana da gaskiya.

Abin da bai sani ba shi ne abin da ke bayan aikin da hannunsa ya riga ya iya. Me ya sa ƙasar da aka daɗe ana yi wa ban-ruwa ke fitar da gishiri? Yaya ake lissafin taki da iri da man inji a gane ko an ci riba? Wane irin ƙwaro ne Tuta absoluta, wanda ya cinye tumatir a 2016 har manoma suka yi masa laƙabi da Ebolar tumatir, a shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antarsa ta tumatir a Kadawa? Ƙungiyar da za ta ɗauki ɗalibai zuwa bakin kanal da littafi da ma'auni, ko zuwa matatar ruwa ta Tamburawa, ko injinan casar shinkafa na Kura, ta haɗa darasin kimiyya da na lissafi a wuri guda, kuɗin mota kawai za ta kashe. Haka ƙungiyar Hausa: Kura ce garin da baƙin rini mai sheƙi ya kai sunanta har ƙasar Buzaye, amma sau nawa aka tura ɗalibai su zauna da tsofaffin marina su rubuta abin da suka ji?

'Yan mata fa?

Nasu lokacin ya fi na kowa ƙaranci. Bayan girki da raino akwai turara shinkafa, sana'ar da matan Kura suka shahara da ita, akwai talla, kuma uba ba zai so 'yarsa ta kai yamma a hanya ba. Duk abin da ba a yi shi kafin tashi ba, to ba da su aka yi ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohin farko da suka shiga, ya zo da zaman koyar da dabarun rayuwa da na'ura mai ƙwaƙwalwa a makarantun mata. Ko zai ɗore bayan kuɗin shirin ya ƙare, wannan sai an gani.

Kuɗi da tsaro

Da can kuɗin da iyaye ke biya ta ƙungiyar iyaye da malamai shi ke sayen ƙwallo da rigunan gidaje. Da gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka hana karɓar kuɗi daga ɗalibai, aka koma jiran abin da gwamnati za ta turo. In ya zo, alli da gyaran kujera ke gaba, wasanni na can ƙarshen layi. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, hankali ya fi karkata ga gina azuzuwa da ɗaukar malamai. Sace ɗalibai mata a Jangebe ta Zamfara a Fabrairun 2021 ya sa Kano ta rufe wasu makarantun kwana na bayan gari a lokacin, kuma tun daga nan shugaban makaranta kan yi dogon tunani kafin ya sa hannu a takardar fita da yara yawon buɗe ido, ko da Tiga ce da ke nan kusa.