Gyaran Rumfar Tsakar Gida Kafin Damina

Yau zancenmu a kan rumfar tsakar gida ne, wurin da uwargida take wuni tana girki, tana tankaɗe, yara kuma suna wasa a gefenta. Da yawanmu ba mu ɗaga kai mu dube ta sai ran da ta kawo mana tsautsayi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a daminar bara dirka ɗaya ta rumfarmu ta karye da tsakar dare bayan an yi ruwa da iska. Da gari ya waye muka tarar kwano da azara sun danne tabarmar da yara kan zauna su ci tuwo. Da muka duba, ashe gindin dirkar ya daɗe da ruɓewa, bayanta kawai ya rage. Allah ne ya kiyaye.

Uwargida, abu biyu ne ke cin itacen rumfa: laima da gara. Masana sun ce itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Shi ya sa ɓarna kan fara daga gindi, inda dirka ta haɗu da ƙasa, musamman idan nan ake zubar da ruwan wanke-wanke ko aka kafa randa. Ita kuma gara daga ƙasa take hawowa, ta cinye ciki ta bar baya lafiya lau.

Ga yadda za ki gane. Ki ɗauki ƙusa ki soki gindin kowace dirka. In ta shige ba wuya, itacen ya mutu. Ki ƙwanƙwasa sama da muciya. In kin ji amon ganga, ciki rami ne. Ki kuma duba ko akwai hanyar jar ƙasa da gara ta gina. Da zarar kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki kawar da yara daga wurin, ki sanar da maigida a ranar.

Lokacin gyara shi ne rani, sa'ad da itace da ƙasa suka bushe. Kada kafinta ya cire dirka sai ya tokare rufin da wani itace tukuna. Kuma kada ku yarda a buga sabon katako a kan ruɓaɓɓe don neman sauƙi. A cire mataccen ɗungum, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wajen zaɓen itace, iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka riƙe azarar giginya, gama gara ba ta cin ta da sauƙi. Ƙirya ma haka take. Farin katakon kasuwa yana da araha, amma ba ya jimre wa laima. A haƙa rami ƙafa 2, a zuba tsakuwa a ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A kwaɓa kwano 1 na siminti da 2 na yashi da 4 na tsakuwa, a cika ramin har ya ɗara ƙasa da inci 6, a gangarar da samansa yadda ruwa ba zai kwanta a jikin itacen ba.

Sai maganar magani, a nan ina roƙonku ku yi hattara. Akwai maganin katako irin su Solignum, wanda ake shafawa da buroshi a fili, nesa da abinci, a bari ya bushe sarai. Amma baƙin man mota da wasu ke tsiyayawa a rami yana iya bin ƙasa ya ɓata rijiya. Shi kuwa Gammalin 20 da aka saba da shi a dā, gubar da ke cikinsa tana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a 2009. Sa'an nan kada ki kuskura ki hura wuta da guntayen katakon da aka shafa wa magani, domin hayaƙinsa da tokarsa suna cutarwa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku aikin. Ran Asabar ku zagaya da ƙusa ku gwada dirkokin gidanku, ku kankare hanyar gara, ku janye itacen girki daga jikin rumfa. Wanda kuka samu ya yi laushi ku nuna wa Inna.

Kuɗin dirka ɗaya bai kai na ɗaurin karaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kai mu damina lafiya, ya tsare mana iyalinmu, amin. Sai mun sake saduwa.