Ciwon kai mai zuwa a jere: Tushensa da abubuwan da ke tayar da shi

Ciwon kan da likitoci ke kira kulasta na daga cikin mafi tsanani da ɗan Adam ke fuskanta. Yana kama ɓari ɗaya na kai, a kewayen ido, tare da jan ido, zubar hawaye da toshewar hanci. Kowane tashi kan ɗauki minti 15 zuwa sa'o'i 3, yana iya dawowa har sau 8 a rana tsawon makonni, sannan ya lafa na watanni. Yakan kama kimanin mutum 1 cikin 1,000, galibi maza.

Masana na danganta tushensa da hayifotalamus, sashen ƙwaƙwalwa da ke tsara lokutan barci da farkawa. Hakan na iya zama dalilin da ya sa ciwon ke tashi a lokaci ɗaya kullum, sau da yawa cikin dare. Gado na ƙara haɗarin kamuwa, kuma yawancin masu fama da shi sun taɓa shan taba.

Abubuwan da ke tayar da shi kuwa sun fi tasiri ne a makonnin da ciwon ke kan ganiyarsa. Barasa ce kan gaba. Akwai kuma warin fetur da fenti, turare mai ƙarfi, zafi, sauyin lokacin barci, da maganin zuciya na nitroglycerin.

Farasitamol ba ya kai wa ga ciwon kafin ya wuce. Likitoci kan yi amfani da iskar oksijin ko allurar sumatriptan. Rubuta lokutan tashin ciwon kan taimaka wa likita wajen gano shi da wuri.