Kafin Ka Sayar Da Gona Ka Tafi Neman Aiki Ƙasar Waje

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun kai Gwanja fataucin goro, wasu suka yada zango a Sudan kan hanyar Makka. Abin da ya canza yau shi ne tsadar tafiyar da yawan dillalan da ke cin abinci a kanta.

Shin tafiyar tana ɗaga mutum? Masana sun auna. Ƙasar Niyuzilan tana ba mutanen tsibirin Tonga izinin zama ta hanyar ƙuri'a. David McKenzie da abokan aikinsa suka kwatanta waɗanda suka ci ƙuri'ar da waɗanda suka faɗi. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna kuɗin shigar waɗanda suka tafi ya ƙaru da kashi 263 cikin ɗari. Sai dai a lura da irin tafiyar: takardunsu cikakku ne, aiki na jiransu, kuma suna da 'yancin barin maigidan da ya cuce su.

A Saudiyya da maƙwabtanta kuwa, tsarin kafala ya ɗaure iƙamar ma'aikaci da kafilinsa. Sassaucin da Saudiyya ta yi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali a wannan aikin 'yan matanmu suka fi yawa. Wadda aka riƙe wa fasfo, albashi ya tsaya, in ta gudu ita ce mai laifi a idon hukuma. Wanda kuwa ya shiga da bizar Umara ya maƙale, kullum a ɓoye yake, lada kuma sai abin da aka ga damar ba shi.

Hanyar Sahara ta fi muni. A watan Oktoba na 2013, mutum 92, galibi mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit kan hanyar Aljeriya.

Don haka, kafin ka ɗaura niyya:

Tabbatar kamfanin da zai kai ka yana da lasisin ma'aikatar ƙwadago. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta 1997 ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci; dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi, ka yi masa tambayoyi.

Nemi kwantiragi a rubuce, a karanta maka albashi da hutu da sharaɗin dawowa.

Bar kwafin fasfo da lambar maigidan a wurin 'yan'uwa. In ka ga alamar safarar mutane a Najeriya, sanar da NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da ita.

Lissafa bashin tafiyar da albashin wata nawa zai biya shi. In shekara guda za ta ƙare kana yi wa dillali aiki, gonar nan da za ka sayar ta fi bizar daraja.