Mai Zane da Shafinsa na Intanet: Me Ya Kamata Baƙo Ya Tarar?

A shekarar 1971 Ben Enwonwu ya zana hoton wata mata mai suna Christine a Legas. Zanen ya bi iyalinta zuwa Amurka, ya yi shekaru da dama a rataye a bango ba tare da mutanen gidan sun san darajarsa ba, har ranar da ɗaya daga cikinsu ya duba sa hannun da ke jikinsa, ya rubuta sunan a intanet ya bincika. A watan Oktoba na 2019 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a Landan kan fam miliyan 1.1. Enwonwu ya rasu tun 1994, amma an yi rubuce-rubuce a kansa, shi ya sa mai bincike ya samu abin kamawa. To, mai zanen da ke Kano ko Zariya ko Damagaram a yau, in wani ya ga sa hannunsa a ƙasan wani aiki ya nemi sunan, me zai tarar?

Yawancin masu zane, masu sassaƙa, masu zayyana da masu ɗaukar hoto za su ce ai suna Instagram da Facebook. Madalla, nan ne jama'a suke. Sai dai zanin aro ba ya rufe katara. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, duk wanda ya tara hajarsa a can kaɗai ya ji a jikinsa. Ban da haka, a dandalin sada zumunta aikin bara yana nutsewa ƙarƙashin hotunan biki da na suna. Mai shirya baje koli, ko na ART X da ake yi a Legas tun 2016 ko na Dak'Art a Dakar, ba shi da lokacin tono. Yana son adireshi ɗaya mai ɗauke da sunan mai aikin.

Batun sunan kansa ba ƙarami ba ne a wurinmu. Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Mamman a jikin zane. A zaɓi rubutu ɗaya, wanda ake sa hannu da shi, a yi rajistar adireshin da shi. Adiresoshin da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma rajistar tana da wa'adi, in ba a sabunta ba wani na iya ɗauka.

Abin da baƙo ya zo gani shi ne aikin, don haka shi zai fara cin karo da shi, ba hoton mai zane sanye da babbar riga ba. Ayyuka goma sha biyar ko ashirin da aka tace sun fi ɗari da aka jibge, domin da mafi rauni a cikinsu ake auna mutum. A tara masu alaƙa wuri guda, na mahayan sallah daban, na zayyanar allo daban, sababbi a gaba.

Ɗaukar hoton aikin kuwa, nan ake yawan yin asara. Zanen da aka yi wata biyu ana fama da shi, sai a jingina shi da bango a tsakar gida da rana tsaka, a ɗauke shi daga tsaye, ga gefen tabarma da silifas sun fito, fentin mai yana ƙyalli har launin ya ɓace. A rataye shi a bango marar ado, cikin inuwa mai haske, da hantsi ko bayan la'asar. A kashe fitilar waya. A saita kyamara daidai tsakiyar zanen don kada sama ya fi ƙasa faɗi, sannan a yanke duk abin da ba zanen ba. Tukunya ko sassaƙa tana bukatar hoto ta gaba da gefe da baya, da wani na kusa da zai nuna zanen jikinta. Kafin a ɗora, a rage nauyin hotunan, saboda mai dubawa da waya ba zai ƙona datarsa yana jiran hoto ɗaya ya buɗe ba. Manyan na asali a adana su a wani wuri.

Amma a ganina layin da ke ƙarƙashin hoto ya fi duk wata kwalliyar shafi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi. Sunan aikin, shekarar da aka yi shi, kayan da aka yi shi da su, sai girmansa, tsawo kafin faɗi. Misali: Masu Rini, 2023, fentin mai a kan ƙyalle, santimita 90 da 60. A fuskar waya, zanen da bai wuce tafin hannu ba da wanda ya cika bango girmansu ɗaya. Dillali ba zai iya lissafin kuɗin aikawa ba sai da awo, mai saye ba zai san ko zai shiga falonsa ba. In an sayar da aikin, a rubuta an sayar, kada a cire hoton. Bayan shekara ashirin wannan layin ne shaidar cewa aikin naka ne, ka kuma yi shi a lokaci kaza.

Sai tarihin mai zane, a taƙaice: inda aka haife shi, inda yake aiki, inda ya koya. Wanda ya fito daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya faɗa. Wanda ya gada a gida ko ya koya a hannun maigidansa shi ma ya faɗa da sunan wanda ya koya masa, babu abin kunya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a cikin danginta ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, kuma jami'ar ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Daban da tarihi akwai 'yan layuka da mai zane zai yi bayani da bakinsa: me yake zanawa, da me, don me. A guji manyan kalmomin da ko mai su ba zai iya fassarawa ba. A rubuta da Hausa da Turanci, ɗan Nijar ya ƙara Faransanci.

Jerin baje kolin da aka halarta a fara da na baya-bayan nan, a raba wanda mutum ya yi shi kaɗai da na haɗaka. In uku ne, a rubuta uku. Duniyar masu zane ƙarama ce, kiran waya ɗaya ke tona ƙari.

Farashi fa? Wasu gidajen baje koli ba sa son a bayyana shi. Wanda ke sayarwa da kansa, na fi ganin ya rubuta, domin mai kunyar tambaya wucewa yake yi. Abin da bai dace ba shi ne farashin da ke shafinka ya saɓa da na gidan da ke tallata maka.

A ƙasan kowane shafi a sa sanarwar haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta 2022 tana kare zane tsawon ran wanda ya zana shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma wanda ya sayi zane bai sayi ikon buga shi a riguna ko kalanda ba, sai in an miƙa masa haƙƙin a rubuce. Wannan bai sa a lafta suna a tsakiyar hoto har ya rufe aikin ba.

Daga ƙarshe a bar hanyar tuntuɓa a fili, imel da lambar waya ta sana'a, amma ban da adireshin gida. Kuma don Allah, imel ɗin ya zama wanda ake buɗewa kullum, a kuma amsa saƙo kafin kwana biyu.