Bayan jaje sai bincike: darasi daga masu hawan duwatsu

A ƙasar Amurka akwai wata ƙungiya ta masu hawan duwatsu, American Alpine Club, wadda tun 1948 take fitar da rahoto duk shekara a kan haɗurran da suka faru. Tana bayyana yadda mutum ya faɗo, ko igiya ce ba a ɗaure ta daidai ba, ko gajiya, ko rashin duba yanayi. Ba don a tozarta mamaci ake yi ba, sai don mai hawa na gobe ya koma gida lafiya.

Mu 'yan kasuwa ba ma hawan dutse, amma muna hawan abin da ke cin rayuka kamarsa. Dubi tirelar albasa da ta shigo ta Kulungugu ta biyo Bawku, samari zaune a saman buhuna. Dubi motar doya daga Yendi, ko kwale-kwalen da ke ɗaukar mutanen Salaga daga Makango zuwa Yeji, lodi ya kusa taɓa ruwa.

A watan Fabrairun 2016 wata bas ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, fiye da mutum 50 suka rasu. A watan Maris na 2019 kuma, a wannan hanya dai, bas da ta taso daga Garu ta yi taho-mu-gama da wata cikin dare, wuta ta tashi, aka sake rasa fiye da 50. Shekara uku kacal tsakani.

Idan irin wannan ta faru, abin da muka iya shi ne jaje. "Kwana ya ƙare," "Allah ya kiyaye gaba." Gaskiya ne, kuma mai rashi na bukatar jin haka. To amma bayan sadakar bakwai wa ke tambaya awa nawa direba ya yi bai runtsa ba? Wa ya ƙara buhu 20 a kan lodi? Wa ya matsa a yi tafiyar dare don a riski kasuwa? Sau da yawa amsar na komawa kan mai kaya ne, shi ya sa ake shiru.

Ya kamata sarkin tasha, shugabannin GPRTU da na masu albasa da doya su riƙa zama bayan kowane haɗari, su rubuta musabbabinsa ba tare da kama suna ba, a karanta wa jama'a ranar kasuwa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ka fara sanin daga ina wutar ta taso.