Harafin Koriya cikin kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Wayar salula ma haka ta ke. In ka rubuta A, abin da ta ke ajiyewa shi ne 65. In ka rubuta ƙ, sai ta ajiye 409. Akwai wani babban kundi da a ke kira Unicode, inda aka ba kowane harafi lambarsa. Wayar mai aikawa da ta mai karɓa duk kundin nan su ke bi. In waya ta samu lamba amma ba ta da siffar harafin, sai ta nuna ɗan akwati wayam. Wataƙila kun taɓa ganin haka a gurbin ƙ ko ƴ.

To, bari mu leƙa Koriya, can gabashin Asiya, tsakanin Sin da Japan. Sunan rubutunsu Hangul. Sarki Sejong ne ya ƙago shi a shekarar 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446. Yau haruffansa 24 ne: baƙaƙe 14, wasula 10. Ga ɗaya daga cikinsu: ㄴ. Shi ne "n". Ku ce "na", ku ji inda harshenku ya taɓa. Siffar harshen nan ce aka zana.

Mu, jera haruffa mu ke yi ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa tara su su ke yi gaɓa gaɓa, kowace gaɓa kamar tubali guda. Ku dubi 한. A hagu ㅎ ne, wato "h". A dama ㅏ ne, wato "a". A ƙasa ga ㄴ ɗinmu. Gaɓar ta tashi "han".

Nan ne abin ya ke da ɗan wuya. Harafin ㄴ lamba fiye da ɗaya gare shi cikin kundin. In ya tsaya shi kaɗai, 12 596. In shi ya buɗe gaɓa, 4 354. In shi ya rufe ta, 4 523. Da haka kwamfuta ke gane wurin da za ta aza shi.

Amma galibi ba a aika haruffan ɗai ɗai. Kowace gaɓa ma ta na da lambarta. In an haɗa da tagwayen haruffa da masu haɗe, baƙaƙen farko 19 ne, wasula 21, baƙaƙen ƙarshe 27. Gaɓa ta na iya zama ba baƙin ƙarshe, sun zama 28 ke nan. Ku buga: 19 sau 21 sau 28. Gaɓoɓi 11 172!

Wa zai hardace wannan? Ba sai an hardace ba, don an jera su bisa ƙa'ida. Gaɓar fari, 가 "ga", lambarta 44 032, kuma ƙirga ya na somawa daga sifiri. Cikin 한, ㅎ shi ne na 18, ㅏ shi ne sifiri, ㄴ na ƙarshe shi ne na 4. Baƙin farko a buga shi sau 588, wato 21 sau 28. Wasali a buga shi sau 28. Sa'an nan a tara:

18 × 588 = 10 584
0 × 28 = 0
10 584 + 0 + 4 + 44 032 = 54 620

Lambar 한 ke nan.

Wannan jeri a 1996 aka tsai da shi. Kafin nan gaɓoɓin Koriya su na wani wuri dabam cikin kundin, kuma ba su cika ba. Da aka kwashe su, rubutun da aka ajiye da tsofaffin lambobi ya daina karantuwa daidai. Daga baya masu kula da kundin suka kafa doka: harafin da ya samu lamba, ba a sake masa ita.

Ku ɗauko kayenku. Cikin baƙaƙen farko ㄴ shi ne na 2. Ku nemo lambar 나, wato "na".