Abin da ya kamata ku sani game da masu fasahar da kalmomi ne kayan aikinsu

Idan aka ce mai zane, buroshi da fenti ne ke fara zuwa a rai. Amma tun cikin shekarun 1960 aka samu wasu masu fasaha, musamman a Amurka, da suka ce darajar aiki tana cikin tunanin da ya haife shi, ba a ƙwarewar hannu kawai ba. Wasunsu sai suka ajiye fenti suka kama rubutu, suka kuma fito da shi kan titi.

Lawrence Weiner na cikin na farko. A 1968 ya bayyana cewa ba dole ne a ƙera aikin fasaha ba, bayaninsa a rubuce ma ya isa. Daga nan ya riƙa rubuta gajerun jimloli a bangon gine-gine. A 2000 har a kan marafan ƙarfe na ramukan titunan New York aka zuba kalmominsa, mutane na takawa suna karantawa.

Jenny Holzer, wadda aka haifa a jihar Ohio a 1950, ita ta fi kai wannan salo ga talakan gari. Daga 1977 ta fara buga jimloli masu kama da karin magana a kan mulki da kuɗi da yaƙi da iyali, tana liƙa su a bangon unguwar Manhattan ba tare da sa sunanta ba. Da gangan take sa wata jimla ta ƙaryata wata, domin mai wucewa ya tsaya ya tambayi kansa: wa ke magana, kuma na yarda ko ban yarda ba? A 1982 kalmominta suka hau babban allon lantarki na dandalin Times Square, inda aka saba ganin talla. A 1990 ta wakilci Amurka a baje kolin fasaha na Venice, ta kuma ci babbar kyauta.

Ita kuwa Barbara Kruger a mujallar Mademoiselle ta goge da aikin tsara shafuka. Da wannan ƙwarewa take ɗora farin rubutu cikin jan zane a kan hotuna marasa launi, tana caccakar ɗokin saye-saye da danne mata.

Me ya kai su titi? Gidan adana zane sai wanda ya yi niyya yake shiga, titi kuwa na kowa ne, kuma 'yan talla da hukuma ne suka saba magana a can. Waɗannan masu fasaha sun ari kayan aikin talla ne don su tayar da tambaya a wurin da aka saba cewa "zo ka saya".

Sai dai kasuwa ba ta barin riba ta wuce ta. Kamfanin tufafi na Supreme ya yi tambarinsa da salo irin na Kruger, jan akwati da farin rubutu, yana sayar da riguna da tsada. Shi ya sa har yau masana ke gardama: shin rubutun nan yana sara kasuwa ne, ko kuwa ya zama hajarta?